Kacalla da masu lauje a fadamun Haɗeja da Nguru

Duk shekara da rani, kafin ruwan sabuwar damina ya sauko, mutanen garuruwan bakin kogin Haɗeja, daga Auyo zuwa Kirikasamma da Guri har Nguru, sukan kira gayya. A wasa lauje da adda, a shiga ruwa iya ƙugu, wani wurin iya ƙirji, a yi ta yankan kacalla don a buɗe wa ruwa da kwalekwale hanya. Masunta ne da manoman shinkafa da makiyaya, ba ma'aikatan gandun daji ba, amma su ne ke riƙe da ɗaya daga cikin wuraren da duniya ta amince a kare su.

A shekarar 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigar Marma cikin jerin dausayoyin yarjejeniyar Ramsar, wuri na farko a Najeriya, mai faɗin hekta 58,100. Baturiya da Dagona suka biyo baya a 2008. Nan ne tsuntsayen Turai ke sauka bayan sun ƙetare Sahara, su yi hunturu, su koma. Suna neman buɗaɗɗen ruwa da taɓon bakin gaɓa, kuma waɗannan ne kacalla ke cinyewa.

Ciyawar ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Mutumin Jigwada a Keffi zai iya ganin irinta a bakin kududdufi bai ko waiwaya ba. Abin da ya sauya shi ne halin kogin. Da can kogin Haɗeja yakan cika ya tumbatsa da damina, ya ƙafe da rani, kuma wannan ƙafewar ce ke kashe saiwar kacalla. Da aka gina madatsar Tiga a 1974, sannan ta Calawa a 1992, aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara saboda noman rani da ruwan shan Kano. Ruwa marar zurfi, marar gudu, wanda ba ya yankewa: babu abin da kacalla ke so kamar wannan. Ta kafu, ta riƙe laka, lakar ta toshe hanyoyi irin su Burum Gana, ruwan ya karkata zuwa Marma. Sai ka ga gonar wani ta nutse shekara da shekaru, ɗan'uwansa can gaba kuma yana kukan fari. A cikin duhuwar kacallar ne kuma tsuntsayen jan-baki ke kwana da sheƙa, da asuba su faɗa wa gero da shinkafa.

Yankan yana da ilimi, kuma ya kamata a daina kallonsa kamar aikin ƙarfi kawai. Idan ka tsaga ganyen kacalla za ka ga cikinsa huhu-huhu ne, cike da ƙananan ramuka. Ta nan iska ke sauka zuwa saiwar da ke kwance cikin laka. Wanda ya sare ta a saman ruwa aski ya yi mata, cikin 'yan makonni ta tofo. Wanda ya cinna mata wuta da rani ya ba ta toka ne, saiwar tana nan lafiya. Gwani kan duƙa ya tura lauje can ƙasa, ya yanke a ƙarƙashin ruwa yadda kututturen zai nutse gaba ɗaya, saiwar ta rasa numfashi ta ruɓe. Sai a janye abin da aka yanka zuwa tudu, don in an bar shi zai sake toshe hanyar, a kuma dawo a maimaita kafin ta fitar da kan nan nata mai kama da zangarniyar gero, wanda iska ke watsa irinsa dubbai. Mai wannan aiki yana fita da matsattsaku a ƙafa da yankan ganye a hannu, kuma ruwan da ya wuni ciki shi ne gidan katantanwar da ke kawo tsargiya.

An yi ƙoƙari daga sama. A 2006 jihohi shida, wato Bauchi, Borno, Jigawa, Kano, Filato da Yobe, suka kafa asusun kula da kogunan Haɗeja, Jama'are da Komadugu Yobe, kuma an sha kawo injinan yashe kogi. A kogin Senegal, inda madatsar Diama ta haifar da irin wannan annoba bayan 1986, mutanen Muritaniya sun koyi mayar da kacalla gawayin girki. Wannan dabara ta cancanci a gwada ta sosai a Guri da Nguru, domin mai yanka ya samu abin sayarwa, itatuwan Baturiya kuma su huta da gatari.

Sai dai ina ganin rashin adalci ne a bar nauyin a wuyan 'yan gayya alhali makullin yana Tiga da Calawa. Hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are ce ke buɗe ƙofofin ruwa, kuma masu yanka suna bukatar su san ranar da za a saki ruwa da ranar da za a rage, don yankan ya zo daidai da zurfin da zai nutsar da kututture, a kuma bar wasu hanyoyin su bushe ƙurmus na 'yan watanni. Masu kula da madatsar Doma a jihar Nasarawa su ma su sa ido kan magudanan da ruwa ke kwanciya a cikinsu rani da damina, tun ciyawar ba ta fi ƙarfin mutum goma da lauje ba.