Dalmar Anka da Bukkuyum da darasin maƙwabtaka a kimiyyar lantarki

Mutanen Anka da Bukkuyum sun san dalma ta mummunar fuska. A shekarar 2010, ƙurar duwatsun zinare da ake dakawa a cikin gidaje, a ƙauyuka irin su Dareta da Bagega da Yargalma, ta hallaka yara fiye da 400. Sai dai wannan ƙarfe yana da wata ɗabi'a da ta sa masana suka riƙe shi fiye da shekaru ɗari.

A 1913, Kamerlingh Onnes na birnin Leiden a ƙasar Holan ya gano cewa idan aka sanyaya dalma ƙwarai, lantarki yakan ratsa ta ba tare da wata turjiya ba. Hakan na faruwa ne a kusan digiri 266 ƙasa da sifili, inda ƙwayoyin ilektiron suke haɗuwa biyu-biyu su yi tafiya tare.

Hausawa na cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Zinare shi kaɗai ba shi da wannan ɗabi'a, amma idan aka shimfiɗa shi a kan ƙarfen da ke da ita, tagwayen ilektiron sukan tsallaka cikinsa, shi ma ya daina turjiya. Ba sa yin nisa kafin su rabu, shi ya sa dole shimfiɗar ta fi gashin kai siranta sau ɗaruruwa.

Abin ya ƙara armashi da aka gano sinadaran da ake kira na tofoloji, waɗanda cikinsu ke tare lantarki, bayansu kuwa yana barin sa ya wuce. A 2008, Liang Fu da Charles Kane na Jami'ar Pennsylvania a Amurka suka nuna a lissafi cewa haɗa irin wannan sinadari da ƙarfe marar turjiya zai haifar da wani yanayi da ake kira Majorana. Ana fatan ya riƙa adana bayanai a kwamfutar kwantum ba tare da ƙaramar girgiza ta ɓata su ba.

A 2014, masana a Jami'ar Princeton suka jera ƙwayoyin zarrar baƙin ƙarfe a kan tatacciyar dalma, suka ga alamun wannan yanayi a bakin jerin. Har yanzu ana muhawara, domin ɗan datti a mahaɗar sinadaran biyu kan ba da alama makamanciya.

Dalmar da ake wannan aiki da ita 'yar kaɗan ce, an tace ta, an killace ta cikin na'ura. Wadda ke cikin ƙurar ma'adinai a yammacin Zamfara kuwa guba ce da ke lalata ƙwaƙwalwar yaro, don haka bai kamata a daka dutsen zinare a tsakar gida ba.