Nakiya da albarushi: Mene ne bambancin abubuwan da ake fasa dutse da su?

Duk wanda ya taɓa haƙa rijiya a yankin Funtua ko Malumfashi da ke kudancin jihar Katsina ya san cewa sau da yawa ba a yin nisa ake cin karo da dutse.

Ƙasar yankin, wadda ta yi suna wajen noman masara da auduga, tana kwance ne a kan tsohon dutse mai tauri, irin wanda ke leƙowa waje a wurare kamar Dutsen Reme da ke cikin garin Funtua. Daga irin wannan dutse ake samun tsakuwar gina hanyoyi da gadoji da gidaje.

Idan diga da guduma suka gaza, sai a koma ga abin da jama'a ke kira nakiya. Sai dai a wurin masana, wannan suna ɗaya ya ƙunshi abubuwa da dama waɗanda halayensu suka sha bamban, kuma rashin sanin bambancin ya sha jawo asarar rayuka.

Masu ci da masu tarwatsewa

Masana sun kasa abubuwa masu fashewa gida biyu, bisa la'akari da saurin aikinsu.

Kashi na farko shi ne na waɗanda ke ci kamar wuta, amma cikin gaggawa. Albarushi, wanda maharba ke ɗura wa bindigar toka, yana cikin wannan kashi. An ƙirƙiro shi ne a ƙasar Sin fiye da shekaru dubu da suka wuce, kuma a ƙarni na 17 aka soma fasa dutse da shi a wuraren haƙar ma'adinai na Turai.

Albarushi tura dutse yake yi ya tsage shi manya-manya, ba ya niƙe shi. Amma ɗan tartsatsi kaɗan ya isa ya tayar da shi, sannan da zarar ya jiƙe ya tashi aiki.

Kashi na biyu kuwa shi ne na waɗanda ke tarwatsewa da gudun da ya ninka na sauti sau da yawa, wato mita dubbai a cikin daƙiƙa guda. Girgizar da suke haifarwa ce ke farfasa dutse. A nan ne ake samun dainamait, da ANFO, da emalshan, da TNT.

Dainamait

A shekarar 1847 wani masanin haɗa sinadarai ɗan Italiya, Ascanio Sobrero, ya gano wani ruwa mai maiƙo da ake kira naitirogilisarin. Ƙarfinsa ya zarce na albarushi nesa ba kusa ba, amma bugu kaɗan na iya sa ya fashe.

Alfred Nobel na ƙasar Suwidin ya rasa ƙaninsa Emil a 1864, lokacin da wannan ruwa ya fashe a masana'antarsu. Shekaru uku bayan haka, a 1867, ya yi rajistar dainamait, bayan ya gano cewa idan wata irin ƙasa mai laushi ta tsotse ruwan, za a iya ɗaukarsa ba tare da fargaba mai yawa ba. Da dukiyar da ya bari aka kafa kyautar Nobel, wadda aka fara bayarwa a 1901.

Dainamait na zuwa ne a naɗe kamar gajerun sanduna, kuma ya dace da ƙananan ramuka da dutse mai tauri. Babban aibinsa shi ne tsufa. Idan ya daɗe a ajiye, musamman a wuri mai zafi, yakan yi gumi, ruwan nan mai haɗari ya tsattsafo waje. A wannan hali ko motsa shi ganganci ne. Taɓa shi da hannu ma na haddasa matsanancin ciwon kai.

ANFO da emalshan

Daga tsakiyar shekarun 1950, manyan wuraren haƙar ma'adinai a Amurka suka koma ga ANFO, wanda tushensa sinadarin amoniyam naitiret ne. Dalili kuwa shi ne arha, da kuma cewa ba ya tashi cikin sauƙi, sai an haɗa shi da wani abu mai ƙarfi da zai tayar da shi.

Rauninsa shi ne ruwa. Sinadarin yana narkewa kamar gishiri, don haka ramin da ya tara ruwa da damina kan lalata shi. Abin da ke biyo baya shi ne ko dai ya ƙi tashi, ko kuma ya fitar da hayaƙi mai guba, mai launin ja-ja.

Wannan matsala ce ta sa aka ƙirƙiro emalshan a shekarun 1960. Yana da kauri kamar man shafawa, ruwa ba ya shigarsa, kuma bugu ko gogayya ba sa tayar da shi da wuri kamar dainamait. Ya fi ANFO tsada, amma a ƙasashe da yawa ya maye gurbin dainamait a wuraren fasa dutse.

Shi kuwa TNT, wanda mutane da dama ke ɗauka ɗaya yake da dainamait, wani sinadari ne daban, kuma an fi amfani da shi wajen ƙera makaman soja.

Akwai kuma ditoneta, wani ɗan bututu da bai fi tsawon yatsa ba, wanda shi ne ke tayar da sauran. Duk da ƙanƙantarsa ya fi su saurin tashi, shi ya sa ƙa'idar aiki ta haramta adana shi ko safararsa a haɗe da su.

Ina matsayin takin zamani?

Tun daga 1975, lokacin da aka fara shirin bunƙasa noma na Funtua da tallafin Bankin Duniya, takin zamani ya zama ginshiƙin noman masara a yankin. Saboda haka manoma kan shiga damuwa a duk lokacin da aka alaƙanta taki da bama-bamai.

Gaskiya ne cewa a wasu ƙasashe ana amfani da amoniyam naitiret a matsayin taki. Shi ne ya tarwatsa tashar jiragen ruwa ta Beirut a ranar 4 ga Agustan 2020, inda kimanin tan 2,750 da aka jibge shekara da shekaru ya fashe bayan tashin gobara, mutane fiye da 200 suka mutu.

Amma yuriya, wadda manoman Funtua da Malumfashi suka fi sani, sinadari ne daban, kuma buhunta da ke ajiye a ɗaki ba ya fashewa. Duk da haka, a shekarun rikicin Boko Haram jami'an tsaro sun taƙaita safararta a arewa maso gabashin Najeriya, bisa zargin cewa mayaƙa na sarrafa ta, matakin da ya sa manoman can suka koka da tsada da ƙarancin taki.

Doka da haɗari

A Najeriya, dokar abubuwa masu fashewa ta 1964 da ƙa'idojin da suka biyo bayanta a 1967 sun wajabta samun lasisi kafin saye ko adanawa ko amfani da nakiya. Ma'aikatar ma'adinai ta tarayya ce ke ba da izinin, kuma dole ne ma'ajiyar ta kasance nesa da gidajen jama'a.

An ga sakamakon karya wannan ƙa'ida a ranar 16 ga Janairun 2024 a unguwar Bodija da ke Ibadan, inda wata fashewa ta rusa gidaje, ta kashe mutane, ta kuma jikkata fiye da 70. Gwamna Seyi Makinde ya ɗora alhakin a kan masu haƙar ma'adinai ba bisa ƙa'ida ba, waɗanda suka adana nakiya a cikin gida.

Ga mai haƙar rijiya, haɗarin bai ƙare da jin ƙarar fashewa ba. Iskar guba kan kwanta a ƙasan rami, wata ma ba ta da wari ko launi, kuma tana iya kashe wanda ya yi gaggawar sauka. Haka kuma nakiyar da ta ƙi tashi na iya fashewa daga baya idan diga ta same ta.

Shi ya sa ƙwararru ke ba da shawarar cewa duk wanda ya tsinci wani abu mai kama da sandar nakiya ko ditoneta a gona ko a tsohon rami, kada ya taɓa shi, ya nisanta yara daga wurin, ya kuma sanar da 'yan sanda, waɗanda ke da sashe na musamman na kwance bama-bamai.