Fukar Dawaki: Ciwon da Ke Cin Huhun Ingarma Tun Daga Barga

A watan Disamba na shekarar 2024 ne hukumar UNESCO ta sanya Hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun gado na duniya. Wannan karramawa ta ƙara ɗaga darajar doki a idon gwamnati da masu sarauta. A Abuja ma, dawaki na da matsayinsu a rundunar 'yan sanda da filayen ƙwallon dawaki da gidajen manya, kuma sau da yawa hadimai da jami'an ofis ne ke sa hannu a kuɗin abincinsu da maganinsu. Saboda haka ya kamata su san wani ciwo da ke kassara doki a hankali ba tare da zazzaɓi ba, wato fukar dawaki.

Doki ba ya numfashi ta baki, sai ta hanci kaɗai. Idan yana hutawa yakan ja numfashi sau 8 zuwa 16 a minti guda, idan kuwa ya shiga sukuwa, kowane tsalle da numfashinsa guda. Dabbar da aka halitta haka, duk abin da ya rage faɗin hanyar iskarta ya rage mata gudu.

Tushen ciwon yana cikin barga. Ingirici da harawar da aka tara da sauran danshi sukan yi fumfuna, su riƙa fitar da ƙwayoyi ƙanana da ido ba ya gani. Idan aka haɗa da ƙurar dusa, da warin fitsarin da ya kwana a turke, da hazon hunturu, sai doki ya wuni yana shaƙar abin da jikinsa ke ƙi. Mai tsananin ciwon ya fi kama dawakin da suka haura shekara 7, kuma wani doki ba ya ɗauka daga wani.

Abin da ke faruwa a cikin huhu mataki-mataki ne. Da farko ƙananan bututun iska suna kumbura, fararen ƙwayoyin jini su yi dafifi a cikinsu, majina mai kauri ta taru. Tsokar da ta kewaye kowane bututu kuma sai ta matse. A wannan mataki, idan aka raba doki da ƙura, numfashinsa kan daidaita. Amma idan shekaru suka ja a haka, surar naman kanta ke sauyawa: tsokar nan ta yi kauri, ƙwayoyin da ke samar da majina su ƙaru, bangon bututun ya yi tabo ya taurare. Iska takan shiga, fitarta ce ke gagara, sai ta maƙale a can ƙasan huhu. Binciken likitocin dabbobi a Jami'ar Montreal ta Kanada ya nuna cewa ko bayan an daɗe ana magani, kaurin tsokar yana raguwa ne kawai, ba ya komawa yadda yake tun asali.

Alamomin a fili suke ga mai lura. Tari lokacin cin abinci ko farkon fita kilisa, hura hanci alhali doki na tsaye, saurin gajiya, da rama duk da cewa yana ci. Idan ciwon ya yi nisa, za a ga doki yana matse ciki sau biyu kafin ya fitar da numfashi guda, har tsokar kwiɓinsa ta yi kauri ta fito da wani layi da ya bi ƙarƙashin haƙarƙari. Wannan layi shaida ce cewa ya daɗe yana wahala.

Ba kowane tari ba ne fuka. Murar dawaki da wasu cututtuka masu yaɗuwa sukan zo da zazzaɓi da ƙin abinci, kuma suna bukatar a killace dabbar nan take. Likita ne ke bambancewa, ta hanyar sauraren ƙirji, wani lokaci kuma ya zura siririn bututu ya wanko ruwa daga huhu don a ƙirga ƙwayoyin da ke ciki. Akwai ƙwararru a asibitocin koyarwa na dabbobi, irin na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya.

Magungunan da ake bayarwa kashi biyu ne: masu kwantar da kumburi da masu buɗe bututun iska. Na farkon suna da haɗari idan aka yi amfani da su ba bisa ƙa'ida ba, domin suna raunana garkuwar jiki, kuma ana danganta su da kumburin cikin kofato. Allurar da ɗan barga zai sayo a kasuwa ya yi wa doki jajibirin hawa na iya ɓoye haki na kwana biyu, amma ɓarnar da ke cikin huhu tana nan tana ci gaba.

Gyaran barga shi ne babban magani, kuma bai kai kuɗin allura ba. A jiƙa ingirici da harawa cikin ruwa kafin a ba doki, a zubar da duk wadda ta yi fumfuna ko da an saye ta da tsada. A yayyafa wa dusa ruwa. A fitar da doki waje kafin a yi shara, kada a mayar da shi sai ƙura ta lafa. A buɗe tagogi ta ɓangarori biyu, a raba rumbun abinci da wurin kwana, a kwashe jiƙaƙƙiyar shimfiɗa kullum.

Hausawa na cewa sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Jami'in da ke duba takardun sayen abincin dawaki zai yi wa ofishinsa babban aiki idan ya tambayi yadda aka busar da harawar da inda aka ajiye ta, kafin ya tambayi farashi. Dokin da aka kashe miliyoyin naira aka sayo, ɗaurin harawa mai fumfuna da ake zuba masa kowace safiya ya isa ya raba shi da filin jahi har abada.