Kwanon da Ya Fita Ƙofar Gida

A cikin Birnin Zariya, daga Kwarbai zuwa Anguwan Juma har Limancin Kona, ba a rasa ƙofar gidan da ake shimfiɗa tabarma da daddare, magidanta su zazzauna, yara su yi ta fitowa da kwanuka. Nan tuwon masara miyar kuka, can tuwon shinkafa, wani gidan kuwa dambu ne ya samu. A buɗe wannan a cinye, a jawo na gaba. Ciyayya ke nan, kuma tana da ƙa'idojinta ko da ba wanda ya rubuta su. Kowa ya san kwanon gidan wane ne. Ba a fito da abin da aka ba ka ajiya. Kwano kuma in ya fita, uwargida ba ta da ta cewa a kan wanda zai sa hannu. Baƙo ma in ya zo wucewa, "bismillah" za a ce masa.

Wannan zama nake tunawa duk lokacin da aka ce za a horar da ma'aikatan laburare su riƙa ɗora abin da suka adana a kan shafukan wiki, wato Wikimedia Commons da ke karɓar hotuna da takardu tun 2004, da Wikisource inda ake kwafe littattafai shafi-shafi, da ita kanta Wikipedia.

Zariya ba ta rasa abin fitarwa ba. A nan aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a Janairun 1939, a nan aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945. Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka buɗe a 1962, tana da Laburaren Kashim Ibrahim a Samaru, da tarin rubuce-rubucen Larabci da ajami da shirin binciken tarihin Arewa ya tattara. Cikin birni kuwa akwai gidajen malamai masu gafakoki da suka gada kaka da kakanni. Tukwane a cike suke. Abin da ya rage shi ne mai fitar da kwano.

To amma ma'aikacin laburare, tun daga makaranta, tsaro aka koya masa. Ya san lambar kowane littafi, ya san maganin gara da ƙura, ya san yadda ake kallon ɗalibin da ya shigo da babbar jaka. Aikinsa ya yi kyau in abin da aka ba shi da safe yana nan da yamma. Yanzu kuma a ce masa ya miƙa wa duniya, wanda ya ga dama ya ɗauka, ya buga, har ya sayar. Dole ya yi turus. A ganina nan horon yake. Latsa maɓallin na'urar ɗaukar hoto yini guda ya isa a koya. Sakin hannu da sanin abin da ya halatta a saki su ne masu cin lokaci.

Ƙungiyar laburarorin Afirka, AfLIA, mai hedikwata a Akara, ta gudanar da kwas na Wikipedia ga ma'aikatan laburare a 2021, ga kuma gangamin 1Lib1Ref da aka fara a 2016, inda ake roƙon kowane ma'aikaci ya ƙara hujja guda ɗaya tak a wata maƙala. Loma ɗaya ce, don hannu ya saba.

A zauna kusa da wanda ke ɗora fayil ɗinsa na farko a ga inda yake tsayawa. Hoton ya hau, sai fom ya tare shi da tambayoyi: wa ya rubuta, yaushe, daga ina aka samo, da wane lasisi? Yawanci sunan da kyamara ta ba hoton ake bari, wasu haruffa da lambobi marasa ma'ana. Wannan kwano ne ba murfi, ba a san gidan da ya fito ba. Alhali rubuta bayanin littafi shi ne sana'ar mutumin, ya fi kowa iya ta. Kawai ba a taɓa gaya masa cewa katin da yake cikawa shi ne zai sa ɗalibi a Yamai ko Kumasi ya gano takardar ba. In an cike da kyau, duk inda hoton ya je sunan laburaren na biye da shi.

Sai batun abin ajiya. Littafi yana kan kantarka bai zama naka ba. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta ba marubuci kariya har shekara 70 bayan rasuwarsa. Abubakar Imam ya rasu a 1981, saboda haka Magana Jari Ce ba za ta hau Commons ba sai bayan 2051, in ba masu haƙƙin ne suka yarda ba. Waƙoƙin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, wanda Turawa suka tuɓe suka kai Lokoja ya rasu can tun shekarun 1920, sun daɗe da fita wannan shinge. Wanda bai san bambancin nan ba zai kwana yana ɗorawa, bayan 'yan kwanaki ya tarar wani ɗan sa-kai da bai taɓa jin sunan Ƙofar Doka ta Zariya ba ya manna masa sanarwar gogewa. Da yawa daga nan suke yin fushi su bari. Mai horarwa nagari tun farko yake faɗa musu: a wurin ciyayya dole wani ya ce gishiri ya yi yawa, kuma ba zagi ba ne.

Rubutun hannu ya fi komai neman natsuwa. Takardunmu ba ɗinkakku ba ne, warwara suke tsakanin fata biyu, sau da yawa a kan takardar nan ta Italiya mai alamar jinjirin wata uku in an ɗaga ta a haske. Ba lambar shafi. Kalmar da marubuci ya sa a ƙasan shafi ita ke nuna wanda ke biye. Iska ɗaya ta fanka ta isa ta hargitsa littafi, kuma wanda ba ya karanta ajami ba zai san ya hargitse ba. Kwamfuta ma har yanzu tuntuɓe take yi a irin wannan rubutu. A Wikisource mutum ne zai kwafe shafi, wani dabam ya sake dubawa kafin a ce ya inganta. Mutanen Bali a Indunusiya sun yi haka da rubutunsu na kan ganyen dabinon ƙasarsu. Mu kuwa masu karanta ajami suna nan cikin ganuwa, a zaurukan karatu, ba su taɓa shiga zauren bita ba. Horon da ya tara masu digiri a Samaru ya bar waɗannan a birni, rabinsa aka yi.

Su kuma masu gafakokin, a gaya musu gaskiya tun kafin a buɗe kyamara. Lasisin da Commons ke karɓa ba a janye shi, kuma ya yarda a yi kasuwanci da hoton. Wasu takardun wasiƙun iyali ne, wasu na rabon gado, wasu laƙani ne da malam bai ba kowa ba sai ɗansa. Ba kowane girki ake kaiwa waje ba. In dattijo ya ce, "Wannan dai a bar shi, ɗana," sai a ce, "To, Allah gafarta Malam," a mayar cikin gafaka, a nemi izinin na gaba a rubuce.