Fitar da Hoton Cikin Waƙa ta Hanyar Liƙe-liƙe

Kamar yadda malamai suka sani, yara da dama suna haddace rubutacciyar waƙa ba tare da sun ga abin da mawaƙi ya gani ba. A ganina, maganin wannan shi ne a sa su gina hoton waƙar da hannunsu, wato su yanyanka ƙyalle da takarda da kara, su liƙa a jikin kwali.

Turawa suna danganta shaharar wannan fasaha da Picasso da Braque a Faransa, a shekarar 1912. To amma ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa, domin tun kaka da kakanni dukawa suke yanka jar fata da koriya su ɗora a kan wata, su ƙawata jaka da matashi.

Bari mu ɗauki "Waƙar Damina" ta Na'ibi Sulaimanu Wali. Da farko malami ya rera ta sau biyu ko uku. Daga nan ya tambayi yara: me kuka gani, kuma me kuka ji a ranku? Kowa ya rubuta abu 3 kawai. Sannan a zaɓi launi gwargwadon yanayi. Jar ƙasa da yashi su tsaya a matsayin fari da zafin bazara. Ƙyallen da aka rina da shuni, haɗe da garin gawayi, ya zama hadari. Auduga ta zama gajimare, siraran ɓawon kara su zama saukar ruwa, koren ƙyalle kuwa shuka. Ƙaro ko kunun rogo ya isa liƙi. A fara jera kayan a kan kwalin, sai an gamsu kafin a shafa ƙaro.

Ina jan hankalin malamai kan abu biyu. Kada a yanka takardar da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah. Kada kuma a ce hoton wane ne daidai, na wane kuskure. A dai nemi kowane yaro ya nuna baitin da ya haifi hotonsa. Wanda ya iya nunawa ya fahimci waƙar, kuma da wuya ya manta da ita.

Allah ya sa mu dace.