Gugar Zana Da Al'amuran Gaibu A Littafin Wani Marubucin Holan

Cikin marubutan ƙasar Holan na ƙarni na 20, da wuya a sami wanda ya haɗa ba'a da al'amuran gaibu kamar Harry Mulisch, wanda aka haifa a garin Haarlem cikin 1927, ya rasu cikin 2010. Babban ƙagaggen labarinsa, mai suna De ontdekking van de hemel, watau gano samaniya, ya fito cikin 1992.

Labarin ya buɗe ne da mala'iku biyu, ƙarami yana ba babba rahoto, kamar akawu a gaban shugaban ofis. An ba su aikin mayar da allunan Annabi Musa sama, domin 'yan Adam sun ruɗu da kimiyya da injuna, sun saɓa alkawari. Kafin a haifi yaron da zai ɗauko allunan, sai da aka shirya haɗuwar kakanninsa da iyayensa, har yaƙin duniya na farko ya zama wata dabara cikin shirin.

A nan gugar zanar take. Abokai biyu, Max mai nazarin taurari da Onno masanin harsuna, suna taƙama da hankalinsu, alhali kuwa mai karatu ya san jan su ake yi kamar raƙumi da akala. Daren da Max ya kusa gano asirin sama, wani dutse ya faɗo daga sararin samaniya ya hallaka shi nan take. A ƙarshe yaron, Quinten, ya ɗauko allunan daga Rum ya kai su Ƙudus.

Amma akwai ɗaci a ƙarƙashin wannan raha. Mahaifiyar Mulisch Bayahudiya ce, mahaifinsa kuwa ya yi aiki a bankin da ke tara dukiyar da 'yan Nazi suka ƙwace wa Yahudawa. Max yana hangen taurari ne a Westerbork, tsohon sansanin da aka kwashi mutane kimanin 100,000 zuwa sansanonin gabas, inda aka kashe akasarinsu. Duk wanda ya yi dariyar lissafin mala'ikun, ba da jimawa ba zai tuna cewa mutane ne, da alƙalami da littafin rajista, suka yi irin wannan lissafi da rayukan 'yan'uwansu.

Cikin 2007, masu karatu a Holan suka zaɓi littafin a matsayin mafifici cikin harshensu.