Gwanin Akwatin Kifin Ado da Aikin Botiya

A cikin masu haɗa akwatin kifin ado, aikin da ke fito da gwanintar mutum fili shi ne babban akwati na dangin kifin loci, musamman wanda ake kira botiya. Kifi ne ruwan goro mai baƙin ratsi uku, asalinsa kogunan tsibiran Sumatra da Borneo ne a Indonesiya. A kanti ana sayar da shi bai wuce santimita 5 ba, sai mai saye ya ɗauka ƙaramar kwalba ma ta ishe shi. Alhali yana girma ya kai santimita 20, wani ma ya doshi 30, yana kuma iya haura shekara 20 a raye. Ba ya zaman kaɗaici. In bai samu 'yan'uwa biyar ko shida ba, sai ya ɓuya ya rame. Don haka wanda ya san aikinsa yakan yanka gilashi ne daidai girman da kifin zai kai nan gaba.

Akwatin da ya dace tsawonsa santimita 180 ne, faɗi 60, tsayi 60, yana cin ruwa sama da lita 600. Lita ɗaya kilo ɗaya ce. In aka haɗa da gilashi mai kaurin milimita 12, da yashi, da duwatsu, da teburin ƙarfe, nauyin ya doshi kilo 800. Shi ya sa gwani ba ya taɓa gilashi sai ya je gidan ya ga ƙasan ɗakin, ya auna daidaitonsa. Ɗan karkata kaɗan kan tara nauyi a kusurwa ɗaya, wata rana a wayi gari falo ya zama tafki. Yakan manne gilasan da gam ɗin silikon wanda babu maganin fumfuna a ciki, domin maganin guba ne ga kifi, ya ɗaure sama da sandunan gilashi kada gaban ya kumbura, ya bar shi kwanaki ya bushe, sannan ya cika shi da ruwa a tsakar gida ya gwada.

Loci a ƙasa yake kiwo, yana tonon abinci da gashin baki irin na tarwaɗa. Tsakuwa mai kaifi tana cinye gashin, saboda haka yashi mai laushi ake shimfiɗawa, wankakke. A jera itacen da aka jiƙa, da kogunan duwatsu, da guntayen bututu, maɓoyar ta fi kifayen yawa don kada a yi rikici. Murfi dole ne. Bakin matatar ruwa kuma a rufe shi da soso, domin wani ɗan'uwan botiya da ake kira kuli, siriri mai son kutsawa, ba ramin da ba ya shiga.

Amma a ganina asalin sana'ar a ruwa take, nan ne kuma ake gane mai tsoron Allah da mai neman kuɗi kawai. Kashin kifi da ragowar abinci suna zama amoniya, wadda ke ƙona gaɓar numfashin kifi. Wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zama a soson matata su ke juya ta zuwa nitirait, ita ma guba, wasu kuma su mai da wannan nitiret, mai sauƙin illa, wadda ake ragewa da canjin ruwa duk mako. Kafin bakteriyar ta kafu sai an yi mako huɗu zuwa shida, akwati na aiki babu botiya ko ɗaya. Mai gida ya biya kuɗi, yana son baƙi su gani ranar suna ko biki, yana ta waya. Wani sai ya zuba kifin don a rabu lafiya. Gwani kuwa zai ce, "Alhaji, a yi haƙuri, ruwan bai nuna ba," ya fito da kwalaben gwaji ya nuna masa launin da idonsa.

Botiya na son ruwa mai ɗumi, maki 25 zuwa 30, mai gudu da wadatar iska. Ɓawon jikinsa ƙanana ne ƙwarai, shi ya sa cutar fararen ɗigo ke fara kama shi, magani mai ƙarfi kuma yana jigata shi, har da yawa ke ba shi rabin awo. Sabon kifi a wani akwati daban ake tsare shi makonni kafin a haɗa. Abokan zama kuwa, rasbora da tiga-bab masu yawo a tsakiyar ruwa sun dace. Ganinsu a sarari na sa loci ya saki jiki ya fito. Katantanwar ado ba ta kwana tare da shi, abincinsa ce. Akwai ƙaya a ƙarƙashin idonsa da ke maƙalewa a raga ta soki hannu, don haka da roba ake kama shi. Yakan kwanta a gefe kamar ya mutu, yana ƙas-ƙas da baki lokacin ci. Mai sana'ar kirki yakan faɗa wa mai gida wannan tun farko.

Kifin nan ya sha hanya kafin ya iso. A kogin Batanghari na Jambi da Kapuas na Kalimantan, masunta kan rataya guntayen gora masu huda a ruwa da damina, 'ya'yan kifin su shiga neman maɓoya a kwashe su. Kamun ya yi yawa har gwamnatin Indonesiya ta hana fitar da manya masu haihuwa. Abin da aka ɗauko da wannan wahala bai kamata ya mutu a mako guda saboda gaggawa ba.

A garuruwanmu akwai ƙarin nauyi. In aka ɗauke wuta matata ta tsaya sa'o'i, bakteriyar ta fara mutuwa, iska ta ragu; da hunturu kuma ruwa kan yi sanyi da dare. Ruwan famfo mai kulorin shi ma sai an kashe ƙarfinsa kafin a zuba. Mai son wannan akwati ya sa kuɗin batir ko sola da na'urar ɗumama ruwa cikin lissafi tun ranar farko. In mai haɗawa bai tambaye ka yanayin wutar unguwarku ba, kuma ya yarda ya zuba maka botiya ranar da ya cika ruwa, nemi wani.